Kwalba ɗaya, cuta goma sha ɗaya

Maman Hanifa, Mabera: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri, yau da damuwa na shigo. Jiya da dare muka dawo da Innarmu gida bayan kwana huɗu a gadon asibiti. Shekara shida tana da ciwon suga, tana shan ƙwayoyinta, ana auna ta duk wata, ba mu taɓa samun tashin hankali ba. Ashe wata biyu ke nan ta ajiye maganin ba wanda ya sani. Wata mota mai lasifika ce ke tsayawa bakin layinsu da la'asar, ta sayi kwalba uku. Na ƙirga abin da aka rubuta a jiki da manyan baƙaƙe, da Hausa: suga, hawan jini, basir, gyambon ciki, taifot, shawara, sanyin mata, ciwon ƙoda, ciwon gaɓoɓi, rashin haihuwa, ƙarancin jini. Cuta goma sha ɗaya. Na ce Inna, don me kika bar na asibiti? Ta ce mai motar ya rantse da Allah, kuma ya nuna mata lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ya ce gwamnati da kanta ta gwada. To ina tambayar masu sani a cikinmu: in abu yana da lambar NAFDAC, ba gaskiya ba ne abin da aka rubuta a jikinsa? In ba haka ba, lambar ta mece ce?

Gwaggo ta Runjin Sambo: Subhanallahi. Allah shi ba ta lahiya, shi sa kaffara ne. Motag ga ko irinta tana zuwa unguwarmu, har na san muryar mai maganar.

Yaya Famasis: Allah ya ƙara sauƙi, Maman Hanifa. Ɗauko kwalbar ki duba mani abu biyu. Wane harafi ne a ƙarshen lambar? Sannan ki juya bayanta, ko akwai wani ƙaramin rubutu da Turanci can ƙasa?

Maman Hanifa, Mabera: Harafin L ne a ƙarshe. Rubutun kuwa sai da na haska da fitilar waya. An sa: "These claims have not been evaluated by NAFDAC."

Yaya Famasis: To ai kin samu amsarki da hannunki. Ma'anar wannan layin shi ne hukumar ba ta bincika ko maganin yana yin abin da mai shi ya ce yana yi ba. Lambar da ta ƙare da L ita ake ba magungunan gargajiya a matakin farko. Abin da aka duba shi ne ko samfurin da aka kai yana da guba ko ƙazanta, da yanayin wurin da ake haɗa shi. Shekara biyu take yi a sabunta. Ba a gwada shi a kan masu ciwon suga an ga sugansu ya sauka ba. Wannan sai an yi gwajin asibiti a kan majinyata, shi ne ake ba da cikakkiyar rajista, kuma kaɗan ne ƙwarai daga magungunan gargajiya suka kai nan.

Kuma wannan in lambar ta gaskiya ce ke nan. Wasu sukan kwafo lambar wani kaya daban su manna, wasu tasu ta ƙare tun tuni. NAFDAC tana da kundi a intanet da ake kira Greenbook, in kin sa lamba ko suna kina iya ganin ko kayan yana ciki. Ku tuna maganin nan da ake kira Baban Aisha, wanda hukumar ta rufe wurin haɗa shi a jihar Kaduna a 2023. Izinin da aka ba shi na basir ne, amma a bakin masu talla ya zama maganin kusan komai.

Ƙari a kan haka, dokar abinci da magunguna ta ƙasar nan ta hana a tallata wa jama'a wani abu da sunan yana warkar da wasu cututtuka da ta lissafa, ciki har da suga da hawan jini da ciwon daji. Yawo da magani a mota ko a tire ma haramun ne a doka. Ni abin da ya fi tayar mani da hankali a nan Sakkwato shi ne zafi. Yawancin magunguna an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30. A watan Afrilu muna wuce 40 a inuwa, balle cikin but ɗin mota. Ko maganin kirki ne, a haka lalacewa zai yi.

Alhaji Mai Shago, Tsohuwar Kasuwa: Allah shi ba Inna lahiya. Wanga mai mota bai kyauta ba, ban goyon bayanai. Amma ku yi muna adalci, don na ga inda maganag ga za ta, yanzu a ce 'yan kasuwa duk maƙaryata na. Talla tun kaka da kakanni da kirari aka yin ta. Yarinya mai tallar hura tana cewa tata ta hi ta kowa, mai kilishi shina cewa nashi har Makka anka san shi. Wa ya taɓa kai su ƙara? Wanda ba ya yabon kayanai ai sai shi kwana da su.

Malama ta Arkilla: Alhaji, da girmanka, kirari daban, shaida daban. In mai fura ta ce tata ta fi ta kowa, ni da ita duk mun san yabo ne, kuma zan ɗanɗana a nan take, gani ya kori ji. Amma in aka rubuta giram, aka rubuta lamba, aka rubuta sunan cuta, an bar kirari an shiga shaida a kan abin da mai saye ba shi da hanyar gwadawa. Inna ba ta da na'urar da za ta duba abin da ke cikin kwalba. Maganar mutumin kaɗai ta riƙe.

Malam na Ƙofar Rini: Malama ta yi daidai, kuma malamanmu sun daɗe da rarrabe wannan. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya wuce ta wurin da aka ce bai halatta a ciniki a yi algus ba, ko yaudara da zaƙin baki, ko ɓoye aibi, ko cakuɗa mara kyau da mai kyau. Ku lura, ɓoye aibi an jera shi tare da ƙarya, ko da mutum bai furta komai ba. Asalinsa hadisin da ke cikin Muslim: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya sa hannu ya ji danshi a ciki. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya tambaye shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama ba mutane su gani, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Mutumin nan bai yi ƙarya da baki ba. Busasshen ya ɗora a sama, jiƙaƙƙen a ƙasa. To wanda ya rubuta cuta goma sha ɗaya da manyan baƙaƙe a gaba, ya tura gaskiyar can baya da rubutun da sai an haska fitila, me ya raba shi da mai tarin abincin?

Akwai kuma hanin da aka yi na ƙin tatsar akuya ko raƙuma kwana biyu don hantsarta ta cika a kai ta kasuwa. 'Yan Kara da masu zuwa Achida da Illela sun san wannan. Dabbar ba ta yi magana ba, mai ita bai yi rantsuwa ba, amma shari'a ta ba mai saye damar mayarwa. Rantsuwa kuwa, hadisi ya ce tana sayar da haja tana shafe albarka.

Alhaji Mai Shago, Tsohuwar Kasuwa: Allah shi gafarta Malam, na karɓa. Amma ni kwali nika sarowa daga Kano da Legas. Ba ni na buga rubutun ba. Laihin wa?

Malam na Ƙofar Rini: Abin da ba ka sani ba, Alhaji, Allah ba zai kama ka da shi ba. Abin da ka sani kuma ka yi shiru mai saye ya tafi da zaton da ka san ba haka ba ne, nan kana da kaso.

Malama ta Arkilla: Bari in kawo misalai daga shagon Alhaji da kowane shago, don ni abin da ya fi damuna ba ƙaryar fili ba ce. Akwai maganar da gaskiya ce amma fanko ce. Man girki da aka rubuta masa babu kwalastaral. Gaskiya ne, babu. Amma babu wani man da aka tatso daga tsiro da ke da shi abin a zo a gani: ba man gyaɗa, ba manja, ba na waken suya. Kwalastaral daga jikin dabba yake zuwa, nama, ƙwai, man shanu. Man gyaɗar da Gwaggo ke saye wurin masu ƙuli shi ma haka yake, sai dai ba wanda ya buga masa takarda. Mai hawan jini ya ga hoton zuciya a jikin jarka, sai ya ɗauka ya samu izinin soya komai.

Haka bitamin A a jikin mai da sukari da fulawa, da alamar idon nan. Doka ce ta tilasta wa kamfanoni sa shi, kamar yadda ta tilasta aidin a gishiri. Abu ne mai kyau, amma ba alheri ne na musamman da kamfani ɗaya ya yi ba. Kuma hasken rana yana kashe bitamin A, ga shi mu a rana ake jera man a farar roba. Burodi kuma a rubuta babu bromet, sinadarin nan mai kumbura shi, alhali tun zamanin da Dora Akunyili ke shugabancin NAFDAC aka haramta sa shi. Mai gidan burodin yana cewa ne kawai bai karya doka ba, kuma ledar ba ita ce shaida ba, ana sayar da irinta bugaggiya ga duk mai so.

Baban Sadiq, Bado: Malama, madara fa? Na ji ana cewa wasu ba madara ba ne.

Malama ta Arkilla: Madara ce amma an taɓa ta. Duba gwangwanin ko ledar, in ka ga kalmar "filled", an cire man nonon an maye gurbinsa da man tsiro, galibi na kwakwar manja. Halal ne, doka ta yarda, kuma ya fi araha. Matsalar ita ce saniya ce ƙatuwa a gaba cikin koren fili, kalmar kuma ƙarama. Wanda aka rubuta "creamer" shi ma daban ne, don farin shayi aka yi shi, ba don ciyar da yaro ba. Na ga uwa tana dama wa jariri irin wannan tana ganin ta ba shi madara.

Hanya mafi sauƙi: jerin abin da aka haɗa kayan da shi yana farawa ne da wanda ya fi yawa. In lemon kwali ne mai hoton mangwaro, ka ga ruwa a farko, sukari na biyu, to ka san abin da ka saya. "Juice" daban, "drink" daban. Tumatirin leda ma haka, "paste" daban, "mix" daban. Sukari kuwa ka yi lissafi da kanka: in an sa giram 10 a mililita 100, robar rabin lita tana da giram 50, kusan cokalin shayi 12. Wannan shi ne kusan iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya wuce a yini guda, daga duk sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha.

Baban Sadiq, Bado: To ai kun gani. Duk an rubuta. Ni fa ina ganin laifinmu ne. Mutanenmu ba sa karatu, son araha da son abin al'ajabi ya yi mana yawa. Wa zai gaya wa mai hankali kwalba ɗaya tana maganin cuta goma sha ɗaya ya yarda?

Maman Hanifa, Mabera: Baban Sadiq, ka yi a hankali, uwata ce kake magana a kai. Inna ta sauke Alƙur'ani, tana karanta ajami fiye da ni da kai, ta yi shekara talatin tana sana'a ba wanda ya taɓa cutarta a lissafi. Abin da ba ta iya ba Turanci ne. Ka duba yadda aka tsara abin: alƙawarin da Hausa aka rubuta shi, da Hausa aka faɗe shi a lasifika, har da ayoyi. Gargaɗin kuma da Turanci, ƙanana, a baya. Wanda ya tsara haka ya san wadda yake nema. Kuma ka san abin da ya ja ta? Gajiya. Shekara shida ana ce mata wannan ciwon ba ya warkewa sai dai a lallaɓa shi, kuɗin ƙwayoyi kullum hawa yake, tana jin nauyinmu. Sai ga wani ya ce kwalba uku an gama. Kai ba ka taɓa son jin irin wannan ba?

Baban Sadiq, Bado: Ki gafarce ni, Maman Hanifa, wallahi ban nufi Inna ba. Na yi kuskuren lafazi. Amma har yanzu ina kan cewa sai mun koya wa kanmu dubawa, don hukuma ba za ta tsaya a kowane layi ba.

Gwaggo ta Runjin Sambo: Ɗana, ni ko da tabarau ban ganin rubutun nan. Mi za ni dubawa?

Mai Gyaran Waya, Emir Yahaya: Baban Sadiq, masu boko ma ana cin su, kullum a teburina nake gani. Ɗalibai da ma'aikata su ne masu sayen fawa bank da aka rubuta 50,000mAh, ka ɗaga ka ji shi sakayau kamar kwalin ashana. Na sha buɗe irinsu in tarar batir ɗaya ne na gaske, sauran an cika su da yashi don nauyi. Ko na kirkin ma akwai abin da ba a gaya maka. Lambar da ke jiki ta batirin ciki ce a kan bolt 3.7, wajen tura wuta zuwa waya ana asarar wani kaso, don haka mai 10,000 abin da zai ba ka bai fi dubu shida zuwa bakwai ba. Kamfanonin kirki suna rubuta wannan a baya, su ma da ƙananan baƙaƙe.

Sola ita ce ta fi yanzu. Faranti mai faɗin mita ɗaya tsawon mita ɗaya, a tsakar rana, abin da yake bayarwa wajen wat 200 ne. To a kawo maka fitilar titi da farantinta bai fi tiren shayi ba a ce wat 1000. Daga ina? Memori kuma a rubuta 64GB, waya ma ta nuna 64, ka zuba hotunan biki ka wayi gari rabi sun lalace, don an yi wa ƙaramin ne dabara yana faɗin abin da ba shi da shi.

Ɗan Gada: Ku kuna maganar waya. Mu shekara guda muka yin asara. Na sayi irin albasa cikin gwangwani mai hoton albasa ja jawur kamar kan jariri. Munka yi reno, munka dasa, munka yi ban ruwa da man fetur mai tsada, ganye ya yi kyau ƙwarai, amma ƙasa ba kai. Kahin ka gane, lokaci ya wuce, ba a sake shuka. Taki ma haka, buhu shina cewa 15-15-15 ko 20-10-10, mu dai lamba muka gani. Mai waya shina gane an cuce shi cikin sati. Manomi sai ranar girbi, kuma sannan mai kayan ya ce ƙasarka ta, ko ruwa ka yi wa yawa. Yanzu ni iri wurin wanda na ga gonatai da idona nika saye, in kuwa na leda na, sai mai tambarin hukumar iri da aka kankarewa a tura lamba.

Jikan Mai Magani: Ina ta karatu ban ce komai ba, don abin ya shafi gidanmu. Kakana mai magani ne, mahaifina ma haka, ni ma ina taɓawa. Ina roƙo kada a haɗa mu da masu mota. Kakana in ka zo da ciwon ciki ya san abin da zai ba ka, in ka zo da karaya ya tura ka gidan masu ɗori, in ya ga abin ya fi ƙarfinsa ya ce wannan ba nawa ba ne, ku tafi asibiti. Sabara da aikinta, maɗaci da nasa, garahuni da nasa. Ban taɓa jin ya ce abu ɗaya yana maganin komai ba. Kuma yana zaune a gida ɗaya shekara hamsin, in ya cuce ka ka san ƙofarsa. Mai mota gobe yana Gusau, jibi yana Birnin Kebbi. Su suka ɓata mana suna, har in ka gaya wa mutum gaskiya cewa wannan sauƙi kawai zai ba ka, sai ya ga kamar ba ka iya ba ne.

Yaya Famasis: Gaskiya ka faɗa, kuma akwai abin da ya fi wannan muni. Wasu kwalaben da aka rubuta "na itatuwa zalla" maganin bature ake niƙawa a zuba. Na ƙarfin maza an sha samun sinadarin Viagra a ciki, wanda in mai ciwon zuciya da ke shan wasu ƙwayoyi ya haɗa da shi jininsa na iya faɗuwa warwas. Na ƙiba da na ciwon gaɓoɓi kuma a sa dexamethasone, wanda muka sani da sha-ka-fashe. Mutum zai ji sauƙi da wuri, ya kumbura ya ɗauka lafiya ce, alhali yana tayar da suga da hawan jini yana cin ƙashi. Mayukan shafawa da ake cewa "organic" su ma da yawansu irin wannan sinadarin ne da na bilicin. Kalmomin nan, "natural", "organic", "original", ba wanda ya auna su a kan robar da aka haɗa a ɗaki.

Gwaggo ta Runjin Sambo: To Malam, habbatus sauda hwa? Mai motar da hadisi shika farawa. Ni shi ya sa nika jin nauyin musanta shi.

Malam na Ƙofar Rini: Hajiya, hadisin ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim, ba mai musun sa. Zuma ma Alƙur'ani ya ambaci waraka a cikinta. Amma hadisin bai yi wa kwalbar wannan mutumin shaida ba. Bai ce abin da ya zuba habba ce ba, bai ce zumarsa ba narkakken sukari ba ce, bai ce mai suga ya ajiye maganin likita ba. In kin ƙi yarda da mai mota, shi kika ƙaryata, ba Annabi ba. Ni a wurina wanda ya jingina hajarsa da aya don ya rufe bakin mai tambaya laifinsa ya ninka na mai ƙarya tsurarta, don ya sa mutane suna jin tsoron tambaya kamar saɓo ne.

Yaya Famasis: In ƙara a kan na Malam, ko zumar gaske ce, mafi yawanta sukari ne. Mai ciwon suga kada ya sha ta da cokali da sunan magani sai ya yi shawara da likitansa.

Na Gidan Rediyo: Na san za a zo kanmu, gara in fara. Yawancin shirye-shiryen masu magani da kuke ji fili ne aka saya, kamar yadda ake sayen rumfa a kasuwa. A ƙa'ida kowace talla sai ta samu amincewar hukumar kula da tallace-tallace, wadda dokar 2022 ta mayar ARCON daga APCON, in ta magani ce ko abinci kuma sai da izinin talla na NAFDAC, wanda daban yake da lambar rajista. Amma in mutum ya zauna kai tsaye minti talatin yana amsa waya, abin da ya faɗa ya riga ya fita. Ba ina kare mu ba ne. Na san tsofaffinmu suna ɗaukar abin da rediyo ya faɗa kamar an tantance shi, kuma wannan amanar ce ake saye. Kuɗin dizal da albashi suna matsa wa gidajen, amma hakan bai wanke kowa ba.

Baban Sadiq, Bado: To manyan kamfanoni fa, akwai mai taɓa su?

Malama ta Arkilla: Akan yi. Hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, a 2024 ta fito fili ta zargi Coca-Cola na Najeriya da kamfanin da ke ɗura masa a kwalba da cewa lemonsu na asali da wanda aka rage wa sukari sun yi kama a jiki har mai saye ba ya rarrabewa. Ka ga a kan kamannin kwalba kawai aka yi wannan. Dokar tana nan, kuma ta shafi mai mota kamar yadda ta shafi kamfani. Abin da ba na gani shi ne mu muna kai ƙara. Mukan ce Allah ya isa mu yi shiru.

Alhaji Mai Shago, Tsohuwar Kasuwa: Tun da Malam ya ce wanda ya sani ya yi shiru shina da kaso, bari in hwaɗi wanda na sani. Leda ba ta canza girma ba, amma abin ciki shina raguwa. Omo, madara, taliya, biskit, mu da muka ɗaga kwali mun san ya yi sauƙi. Sukan gyara lambar giram ɗin, kuɗi kuma na nan yadda yake ko ya ƙaru. Buhun da anka rubuta kilo 50, in an sake ɗura shi a hanya, ku sa a ɗora maku bisa sikeli gaban idonku. Kuma daga yau mai sayen madarar yaro a shagona zan gaya mata wadda ta ke. In ta zaɓi mai araha da saninta, wannan tsakaninta da aljihunta.

Malam na Ƙofar Rini: Allah ya yi wa kasuwa albarka, Alhaji.

Maman Hanifa, Mabera: Na gode ƙwarai. Yanzu ƙanwata ta kira ni daga gidan Inna. Ta ce maƙwabciyarsu mai hawan jini ita ma kwalba biyu gare ta, kuma ita ce ma ta fara ba Inna labari. Yaya Famasis, don Allah ka yi mana wannan bayanin na harafin L da murya, da Hausa, gajere, in kunna masu. In ni na faɗa za su ce 'yar boko ce. Malam, kai ma in da hali ka yi naka a kan hadisin. Sauran kwalba ɗaya da rabi kuma, in zubar?

Yaya Famasis: Kada ki zubar. Ki ajiye su da kwalinsu a inuwa, ki ɗauki hoton gaba da baya, in motar ta dawo a rubuta lambarta ba tare da an yi rigima da su ba. NAFDAC tana da ofis a nan Sakkwato, gobe in na tashi aiki sai mu kai tare. Ki kuma nuna wa likitan Inna kwalbar ranar da za ku koma, ya san abin da ta sha. Maƙwabciyar a auna jininta yau, kada a bari sai gobe. Muryar zan turo bayan isha'i.

Malam na Ƙofar Rini: Tawa bayan asuba in sha Allahu.

Gwaggo ta Runjin Sambo: Ku turo man ni ma. Akwai walima gidanmu ranar Asabar, mata za su taru.